Duban Wata a Gidan Taurari

A yammacin ƙauyenmu, tsakanin Roni da Kazaure, akwai wani dutse mai faɗin kai. A kansa akwai tsohon gini na dutse da siminti da muke kira Gidan Taurari. Ɗaki ne guda ɗaya dogo, da ɗan fili a gabansa wanda aka kewaye da gajeriyar katanga, a tsakiyar filin kuma an dasa wani ginshiƙin siminti da ya kai ƙirjin babban mutum. Tun ina yaro babu abin da nake so a duniya kamar a ɗora ni a kan ginshiƙin nan. Ba a taɓa ɗora ni ba. Taubashina aka riƙa ɗorawa, ɗan goggona, sa'ana, kuma mahaifina ne yake ɗaga shi da hannunsa.

Tsofaffi sun ce Turawan da suka zo shata iyaka tsakaninsu da Faransa su suka gina wurin. Wai da taurari suke gane inda suke tsaye a doron ƙasa, shi ya sa suka nemi tudu, suka kafa madubinsu na hangen nesa a kan ginshiƙin. Har yanzu ramukan ƙusoshin suna nan, ruwan sama yana taruwa a ciki. Babbansu kuwa, in ji kakana, sojan ruwa ne, don wai mutanen jirgin ruwa sun fi kowa sanin sama. Wannan magana ta daɗe tana ba ni dariya. Sojan ruwa a ƙasar da in rani ya yi sai an tona yashin rafi kafin a shayar da tunkiya! Kakana shi ne mai ɗebo masa ruwa da yi masa gadi. Da suka gama awonsu suka tattara komatsansu, sai aka bar masa makulli, daga hannunsa kuma ya dawo hannun mahaifina.

Bayan tafiyarsu babu irin aikin da ɗakin nan bai yi ba. An kafa wata gwangwani mai mazurari a bayansa ana auna ruwan sama, har gwangwanin ta yi tsatsa aka manta da ita. An mayar da shi sito ana tara irin gyaɗa, ɓeraye suka yi ƙiba, aka kwashe. Malaman dabbobi sun zauna a ciki lokacin allurar shanu, makiyaya suna koro garke zuwa gindin dutsen tun daga wajen Gwiwa. Ina da wayo aka shafa baƙin fenti a bango ɗaya aka buɗe ajin yaƙi da jahilci, dattawa masu furfura suna hawa da sanda suna rera baƙaƙe, gwiwoyinsu suka gaji kafin kawunansu su ɗauka, ajin ya mutu. Daga nan awaki suka gaje shi. Duk wanda ya zo sai ya nemi Baba ya buɗe masa, in ya gama ya mayar masa da makulli. Abu ɗaya ne bai taɓa yankewa ba tun zamanin kakana, shi ne duban wata. Duk ƙarshen Sha'aban da ƙarshen azumi, mazan ƙauyenmu can suke hawa da la'asar sakaliya, su yi magariba a filin, su zuba wa yamma ido. Babu bishiya ko tudu da ke tare mutum daga nan. Abin da Baba ya tabbatar shi ake kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, magana ta wuce gaba.

Ni ne ɗan farin Baba, kuma a gidanmu wannan ba abin murna ba ne. Mu Fulanin gida ne, shanu sun ragu amma kunya tana nan yadda aka gaje ta. Uba ba ya faɗin sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane, in an yabe shi ma sai ya kau da kai kamar bai ji ba. Sunana a bakin Baba shi ne “kai”. In yana maganata da wani kuma, “yaron nan”. Inna ma haka, sai dai ita takan ɓoye mini ƙanzon tuwo ta tura ƙanwata ta kawo mini. Na san al'ada ce. An gaya mini tun ban iya ɗaura wando ba cewa ba ƙiyayya ba ce, kuma da ni kaɗai ne a gidan da wataƙila na haƙura.

Sai mijin Goggo ya rasu a Gwiwa, ta dawo gida da ɗanta, da ta sake aure kuma ta bar wa Baba shi. Daga ranar na san cewa bakin Baba ya iya kiran sunan yaro. Safe da yamma sunan nan yake kira, har da ja masa wasali. Shi ake goyawa a bayan keke ranar kasuwa. Shi ake tsakuro wa tsokar nama daga akushi. In ya yi ɓarna a ce maraya ne, in na yi a ce babba da kai. Ba na musun cewa yaron yana da shiga rai, fari ne siriri mai yawan dariya, ga baki kamar an jiƙa shi da zuma. Ni kuwa baƙi ne gajere mai haɗe gira, ko ban yi fushi ba sai an tambaye ni wa ya taɓa ni.

Ranar da aka fara hawa da mu duban wata ba za ta fita daga raina ba. Ni aka ɗora wa tabarma da buta, shi kuwa hannunsa yana cikin na Baba. Bayan an idar da magariba kowa ya miƙe ya fuskanci inda rana ta faɗi, wurin ya yi tsit. Taubashina ya ce ba ya gani saboda katanga, sai Baba ya sunkuya ya ɗaga shi ya tsayar a kan ginshiƙi, ya riƙe masa ƙafafu. Ko minti bai cika ba yaron ya miƙa hannu.

“Kawu, ga shi can!”

Dattawa suka yi dariya. Baba bai yi ba. Ya koma bayansa ya ɗora haɓarsa kusa da kafaɗarsa, ya bi tsinin yatsan da ido.

“Ina bakinsa ya kalla?”

“Sama, Kawu, amma ya ɗan karkata hagu.”

“Tsakaninsa da ƙasa fa?”

Yaron ya jera yatsunsa ya gwada. Baba ya yi kabbara, sauran mutane suka ɗauka ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa ga shi, ga shi. Ni ma na duba. Na buɗe ido, na ƙanƙance, na murza da bayan hannu har hawaye suka zubo, ban ga komai ba sai jan sama da ya haɗe da toka. Wani maƙwabcinmu ya tambaye ni ko na gani, na ce a'a. Aka sauko da gwanin daga kan ginshiƙi, Baba ya saɓa shi a wuya har ƙofar gidan dagaci. Ni na biyo baya da tabarma da buta, kuma a hanya na zubar da sauran ruwan butar da gangan don haushi.

Haka abin ya zama shekara da shekaru. Shi ne mai gani, har mutane suka daina wahalar da wuyansu, sai su tsaya suna kallon hannunsa. Da ya girma ya daina hawa ginshiƙin, amma wurin tsayuwarsa yana nan a jikin ginshiƙin, Baba a bayansa. Ni kuwa jinjirin wata na daren farko ban san kamarsa ba. Sai ya kwana biyu ya yi kauri sannan nake ganinsa, lokacin da ko tsohuwa mai hakiya ta gan shi. Ban taɓa cewa na gani alhali ban gani ba. Ba tsoron Allah kaɗai ya hana ni ba, har da girman kai, don na san in na faɗa Baba zai tambaye ni inda bakinsa ya kalla.

Abin da ya fi cin raina shi ne ban da wurin kai ƙara. Tsakanin ɗan mace da ɗan namiji wasa ne, duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya ba a ɗaukarsa da zafi, wanda ya yi fushi kuma shi ne ya faɗi. Shi yana kirana sarkin makafi, yana tambayata ko in zo ya ja mini sanda zuwa masallaci. Ni kuma in dube shi tsakiyar ido in ce, “Ni fa ba na ƙaunarka, ka koma gidan ubanka.” Daga cikin zuciyata nake faɗa, amma sai gida ya kwashe da dariya. Goggo in ta zo ganin gida har tafawa take yi tana cewa, “Kai, taubasan nan ba sa gajiya!” Shi ma ya yi dariya ya rungumo wuyana. Na daɗe ina neman kalmar da zan faɗa masa ya gane da gaske nake, ban same ta ba.

Da muka gama firamare hanya ta rabu. Shi ya wuce gaba da karatu har ya samu aikin kwastan, aka ajiye shi a bakin iyaka wajen Babura. Ni aka kai ni Kazaure koyon ɗinki, na zauna a kan keke, ban sake tashi ba har yau. Ban raina sana'ata ba. Ina zura zare a allura ba tare da na tsaya da hira ba, kuma in na yi wa babbar riga aiki a wuya, sai an juya ta ciki kafin a gane inda na fara. Idona a kusa ya fi na kowa. A can Kazaure ne wani mai kawo mini ɗinki ya lura ina gaishe da mutane sai sun zo dab da ni, ya ce in je a duba mini ido. Na je, aka ce tun haihuwa ba na hangen nesa, aka yanka mini tabarau. Ranar da na fara sa shi na tsaya a bakin titi kamar wawa ina kallon wata darbejiya. Ashe daga nesa ma ana ganin ganye ɗaya-ɗaya! Farin ciki na farko ya zo, haushi ya biyo baya, don na tuna duk magaribar da na sha a kan dutse ina zargin kaina da dakikanci.

Da Sha'aban ya zo ƙarshe na hau da tabarau a fuska. Taubashina ya iso da motarsa daga Babura, yara suna bin ta da gudu, ya fito da kaki yana ƙamshin turare. Yana ganina ya riƙe baki.

“Lale, lale! Sarkin makafi ya sayo idon kanti. Nawa-nawa ake sayar da su, in saya wa jakinmu?”

Aka yi dariya, na yi yaƙe. Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa, na rantse a raina yau sai na riga shi. Ina cikin lalube a sama ya ɗaga hannu ya ce, “Kawu, ga shi.” Na bi yatsansa, a karon farko a rayuwata na ga jinjirin wata a darensa, siriri kamar yankan farce. Na so in yi murna amma ta ƙi zuwa, tunda da yatsansa na gani. Baba ya dafa bayansa ya sa masa albarka, bai ko waiwayo ya ga abin da ke fuskata ba.

Akwai kuma maganar kayan salla. Duk shekara taubashina zai sayo wa Baba shadda mai tsada ya ajiye a shagona ya ce, “Tela, a yi wa Kawu ɗinkin da ya dace, kada a yi mana aikin makafi.” Ni zan ajiye ɗinkin mutane a lokacin da kowane tela yake neman inda zai sa kansa, in zauna in yi wa rigar nan aiki da hannu har bayana ya ƙage. Ranar salla Baba zai saka ta ya zauna a zaure, duk wanda ya yaba sai ya shafa ƙirjinta ya ce, “Ɗana na kwastan ne ya yi mini.” Ina zaune a gefe ina jin sa. Sau ɗaya wani dattijo ya ce, “Ai wanda ya ɗinka ma ya iya.” Baba ya dubi waje ya ce da alama bana za a yi zafi. Matata ta sha ce mini in daina sa abin a rai, ai kowa ya san kunya ce. Nakan ce mata na sani, amma kunyar nan wani ne yake cin moriyarta, kuma a gabana yake ci.

Ana nan wayar hannu ta shigo. Da farko babu sabis a ƙauyenmu sai a kan dutsen, sai Gidan Taurari ya koma wurin kiran waya. Da yamma za ka ga mutane sun jeru a kan katanga, kowa ya toshe kunne ɗaya yana ihu, mai neman ɗansa da ya tafi ci-rani, mai cinikin bijimi, mai rarrashin budurwa, asirin kowa a fili. Daga baya wani kamfani ya zo ya kafa ƙarfen sabis a gefen ginin, ya sake wa ɗakin rufi, ya ajiye injin wuta a inda Baturen yake kwana. Suka kewaye nasu da waya, suka bar mana filin da ginshiƙin. Baba ya miƙa musu makullin ɗaki ba da son ransa ba. Tun daga lokacin da ƙarar inji muke duban wata, da wata jar fitila tana ƙiftawa a samanmu.

A tsakanin nan abu biyu suka faru. Aka yi wa taubashina canjin wurin aiki zuwa Fatakwal, can bakin teku, inda ba a zuwa a dawo a yini. Ranar da na ji labari na yi masa addu'ar Allah ya sa alheri, kuma ba zan ɓoye ba, tuwon daren nan ya yi mini daɗi. Na biyu kuma, yanar ido ta rufe wa Baba gani. Muka yi ta fama da shi a kai shi asibiti a kankare, ya ce shi ba za a sa masa wuƙa a ido ba, abin da ya gani a duniya ya ishe shi. A hankali ya koma ba ya bambance komai sai haske da duhu.

A shekarar nan, azumi ya faɗo tsakiyar damina. Ranar duban wata na rufe shago da wuri na hau babur na tafi gida, ina zaton Baba zai ce a je ba da shi ba. Na tarar ya riga ya sa hula yana zaune a zaure.

“Kai ne?”

“Ni ne, Baba.”

“To, mu je.”

Na goya shi zuwa gindin dutse. Da muka sauka na miƙa hannu zan kama nasa, sai ya miƙo mini kan sandarsa. Haka muka hau, ina gaba yana baya, sanda a tsakaninmu, ina faɗa masa inda zai taka. Duk da haka raina fari ƙal. Yau babu kowa a jikin ginshiƙi, kuma ni ne a gaban Baba.

Sama ba ta ba da haɗin kai ba. An yi ruwa da hantsi, gajimare ya taru a yamma ya yi baƙi, sai wani ɗan jan layi a ƙasansa. Mutanen da suka hau ba su da yawa. Akwai liman, akwai ƙanin dagaci wanda shi ke kai magana, da wasu dattawa da samari. Muka yi magariba, aka ɗan tsaya, kowa yana cewa bana sai dai a cika Sha'aban talatin. Aka fara naɗe tabarmi, samari suka koma kan wayoyinsu. Ni ban motsa ba. Na jingina da ginshiƙi na goge tabarau da bakin riga, na kafa ido a kan jan layin nan.

Sai gajimaren ya tsage kaɗan, kamar an farke ɗinki. A cikin tsagar, ga shi. Fari, siriri, a kwance, babu wanda ya nuna mini.

“Baba, ga shi! Wallahi ga shi!”

Mutane suka yo kaina, kowa yana ina, ina. Na miƙa hannu na nuna. Kafin su daidaita ido gajimare ya haɗe. Muka jira ko zai sake buɗewa, bai buɗe ba, duhu ya fara sauka. Baba yana tsaye riƙe da sandarsa, fuskarsa tana kallon wajen da ba nan ba ne.

“Ina bakinsa ya kalla?” ya tambaya, bai ɗaga murya ba.

“Sama, Baba. Tsinin dama ya ɗan fi na hagu tashi.”

“Daga inda rana ta faɗi, yana dama ko hagu?”

“Hagu, kaɗan.”

“Tsakaninsa da ƙasa?”

Na gwada da yatsu, sannan na tuna ba ya gani, na faɗa masa da baki. Ya yi shiru. Na san shirun nan, shi ne wanda yake yi kafin kabbara. Na tsaya ina jira. Ƙanin dagaci ya matso ya rage tsawo.

“Malam, me ka ce? Mu kai magana?”

Baba ya juya sandarsa a hannu. “A kira mini ɗan goggonsa.”

Wani saurayi ya karɓi wayata ya nemo lambar ya buɗe murya, ga ƙarfen sabis a kanmu, kira ya shiga nan take. Baba ya kira sunansa da wannan ja da yake yi masa tun yana yaro, ya tambaye shi ko sun ga wani abu a can.

“Kawu, nan ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, ko ƙofar gida ba na gani. Wa ya ce ya gani a nan?”

Aka gaya masa. Dariyarsa ta fito daga wayar ta cika filin.

“Sarkin makafi? Kawu, a duba masa tabarau, ko zare ne ya maƙale a jiki!”

Kowa ya dara, har liman. Wani dattijo ya ce ai dole, mai wuri ba ya nan, tela ya samu fili. Ba da mugunta suka yi ba, wasan taubasai suka ji, suka taya. Ni kuwa ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Da dariya ta lafa ƙanin dagaci ya sake tambaya, Baba ya ce, “Mutum ɗaya ne, kuma na gida ne. A jira abin da rediyo zai faɗa.”

Muka sauko da sanda a tsakaninmu. Ban ce masa komai ba sai nan da dutse, nan da rami. Bayan isha'i rediyo ya sanar daga Sakkwato cewa an ga wata a garuruwa da dama, gobe azumi. Ina tsakar gida na ji Baba daga ɗakinsa ya ce alhamdu lillahi, bai ƙara komai a kai ba. Wannan shi ne hawansa na ƙarshe, don kafin duban watan salla ƙafafunsa ma sun daina ɗaukarsa.

Da safe ina ɗaure kayana a bayan babur zan koma Kazaure, waya ta yi ƙara. Taubashina ne. Na so in ƙi ɗauka, sai na tuna da azumi a bakina.

“Tela, an tashi lafiya? Ya ƙishirwa?”

“Lafiya.”

“Fushi kake yi? To ka faɗi wasan. Ashe dai idon kanti yana aiki.” Ya yi dariya, sannan ya ɗan sassauta murya. “Ka san Kawu ya kira ni jiya bayan kun sauko? Tun kafin rediyo ya yi magana. Ya sa ƙanwarka ta nemo ni, ya ce ta fita ta ba shi wuri.”

Na saki igiyar da nake ɗauri da ita. “Ya ce me?”

“Ya ce yaron nan ya ga wata. Ya ce kwatancen da ka yi, ko shi da idonsa biyu iyakar abin da zai faɗa ke nan. Ya daɗe yana maganarka, har katin wayata ya ji jiki don ni na sake kiransa. Har rigunan salla ya ambata.”

Na zauna a kan dakalin ƙofar gida. Ta cikin zaure ina hango Baba a kan buzunsa yana jan carbi, tsakanina da shi bai fi taku kaɗan ba. Maganar da nake jira tun ina ɗaukar tabarma da buta an faɗe ta, an faɗe ta da tsawo, amma sai da ta tafi har bakin teku ta shiga kunnen wani. Ko yabona ma shi aka ba. Ban taɓa jin kishinsa kamar na wannan safiya ba, kuma a lokaci guda ina tsoron kada ya kashe wayar.

“Don Allah,” na ce, kuma ban taɓa haɗa shi da Allah a kan komai ba, “faɗa mini yadda ya faɗa. Daga farko, kada ka tsallake komai. Me ya ce a kan rigunan?”

Ya kwashe da dariya, irin wadda yake yi in ya ga ya samu abin tsokana na shekara guda.

“A'a, taubashi. Ai ni aka gaya wa, ba kai ba.”